Yadda Na Makarar da Surukina a Hanyar Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A ofis, a ƙofar masallaci, a majalisarmu ta yamma, kowa sai ya tare ni: "Malam Habibu, ya Nijar? Ya sabuwar mota ta yi a hanya?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in ba su labarin dogon burodi da shayi mai ɗaci, a yi dariya a watse. Abin da nake faɗa ba ƙarya ba ne, amma ba shi ne labarin ba. Tunda kun nace, ga shi yadda ya faru.

Ni ma'aikaci ne a sashen tsare-tsare na ƙaramar hukuma, ina zaune a Kazaure. Surukina, mahaifin maiɗakina Hajara, dattijo ne da ya haura saba'in, yana wani ƙauye a bayan Gwiwa. Asalinsu makiyaya ne, amma yanzu noma ya fi yawa, shanun ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Yana da wa guda ɗaya da ya rage masa a duniya, Hamma Gide, wanda ya bi shanu arewa tun suna samari, ya yi zamansa a gefen birnin Damagaram. Sun fi shekara goma ba su ga juna ba.

Ranar wata Litinin, tsakiyar damina, Bello ɗan Hamma Gide ya bugo waya. Ya ce tsohon ya kwanta, jiki ya yi nauyi, kuma ba abin da yake nema sai ƙaninsa. Da yamma muka tafi ƙauye ni da Hajara. Na cire takalmi, na tsuguna daga gefen tabarma, muka gaisa.

Baba ya ce, "Gobe da asuba zan hau babur zuwa Kazaure, in nemi motar Babura. In Allah ya so kafin magariba ina can."

A lokacin wata uku ke nan da na sayi mota, 'yar Kwatano, motata ta farko a duniya. Na ce, "Haba Baba, ina da mota kuma ka shiga ta haya? Ai sai a zage ni. Ni zan kai ka har ƙofar gida. Ka ba ni zuwa Asabar kawai, akwai aiki a ofis."

"Asabar," in ji Baba, kamar yana auna nisanta. Sai ya ce, "Ka san hanyar, Malam?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Iyakata Babura, ita ma sau biyu, kuma tuƙa ni aka yi. Aikin ofis da na ambata kuwa babu shi. Motar ce take wurin mai fenti, na goge ta da ginshiƙin gareji, ba na so in shiga dangin matata da tabo a ƙofa. Baba bai musa ba. Dattijo irinsa ba ya mayar da tayin suruki a gaban 'yarsa.

A hanyar komawa Hajara ta ce, "Baban Ummi, da ka bar shi ya tafi goben, kai kuma ka bi shi ranar Asabar ka ɗauko shi."

Na ce mata ba ta san wahalar motar haya ba ne.

Kwana huɗun nan na yi su ina shiri irin na mai zuwa Hajji. Na buɗe taswirar waya na auna hanya biyu, ta Daura da ta Babura, na zaɓi ta Babura. Na rubuta jadawali da rula: tashi ƙarfe shida, Babura ƙarfe takwas, iyaka ƙarfe tara, Magarya goma da rabi, azahar a Damagaram. Na sa aka yi juye, aka duba birki, na sayi sabuwar safaya da jarkar mai. Na canji sefa a wurin wani ɗan kasuwa. Har turaren mota na saya. Abu ɗaya na tsallake, kuma ina sane: takardun motar ba da sunana suke ba. Dillalin da ya sayar mini a Kano ya ce in dawo a yi canjin mallaka, ni kuma na yi ta ɗagawa. Na ce a raina ai duk Hausa ake ji, in an zo iyaka na yi wa jami'ai bayani.

Asabar da sassafe na ɗauko Baba. Kayansa duka jaka ɗaya ce ta buhu, da buta, da ƙwaryar man shanu da ya ɗaure da tsumma zai kai wa yayansa. Na buɗe masa gidan baya, ya ce a'a, shi ba gwamna ba ne, ya zauna a gaba. Hajara ta cika mana kula da soyayyun zabi da dambun nama. Sai da muka hau hanya na tuna cewa ban taɓa cin abinci a gaban mutumin nan ba, shi ma bai taɓa ci a gabana ba. Haka kular ta zauna a baya tana ta ƙamshi, kowa yana yi kamar hancinsa ya toshe.

Bayan mun wuce Achilafiya wayar ta nuna mini wata 'yar hanya da za ta yanke ta fito da mu kusa da Kanya Babba. Na karya kan mota na sauka daga kwalta. Baba ya leƙa ta taga ya ce a hankali, "An yi ruwa jiya a nan." Na ce masa hanyar tana da kyau, na sha bin ta.

Ba mu yi nisa ba gero ya rufe mu dama da hagu, ƙasa ta fara laushi, sai ga mu cikin wata fadama. Ƙafafun gaba suka nutse. Na ba ta wuta, ta ƙara zama. Na fito cikin farar shaddata, taɓo ya kama ni har ƙwauri. Wani manomi da ke huɗa a kusa ya tsayar da shanunsa ya zo, ya zaga motar sau ɗaya, ya dube ni ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya turo ka nan? Ko amalanke ba ta bi sai kaka."

Wanda ya turo ni kuwa yana cikin aljihuna.

Ya kwance garma ya kawo bijiman. Ɗayan ya ƙi ja, yana ta kaɗa kai. Sai Baba ya tattare riga ya shiga taɓon, ya dafa masa tozo, ya yi masa 'yan kalmomi da Fillanci, ya yi wani ɗan fito. Bijimin ya miƙe wuya ya ja, mota ta fito. Manomin ya ce, "Baffa, ashe na gida ne." Ya ƙi karɓar komai. Muka koma da baya har kwalta, na bi hanyar da kowa ke bi. Babura da na rubuta ƙarfe takwas, sha ɗaya saura muka shige ta, motar da na ɓata kwana huɗu ina yi wa fenti ta koma kalar gona.

Daga Babura zuwa Babban Mutum ba nisa. A ɓangarenmu aka duba katinmu aka ɗaga mana hannu. Muka gangara shingen Nijar. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne natsuwar wurin. Jami'in da ke kula da motoci yana zaune a ƙarƙashin rumfa, dogo, baƙi, ga babban littafi a gabansa. Ya gaishe da Baba da girmamawa, ya sa aka ba shi benci a inuwa. Sannan ya ce in kawo takardu a yi mini lesefase, wato izinin shiga da mota. Ya duba katina, ya duba takardar mota, ya sake duba katina.

"Malam, wannan sunan ba naka ba ne."

Na matsa kusa, na rage murya don kada Baba ya ji. Na ce saya na yi, ga rasit. Na ce ni ma'aikacin gwamnati ne, har na fito da katin ofis. Na ce mara lafiya za mu gani.

Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Ku mutane, hanya a buɗe take, yanzu ma ku wuce. Ga motar Magarya can tana lodi. Amma mota ba ta shiga sai da takardar mai ita, da sa hannunsa. Ko ɗan'uwana ne haka zan gaya masa."

A nan ne ya kamata in juya in ce, Baba, na yi kuskure, mu bar mota mu hau ta haya. Lokacin ko azahar ba a yi ba. Da na faɗi haka, da la'asar ta yi mana a Damagaram. Amma na dubi motar hayar, tsohuwar a-kori-kura an ɗora buhunan masara mutane na zaune a kai, na tuna bakin da na cika a gaban Hajara. Na koma wurin Baba na ce, "Na'urarsu ce ta tsaya, Baba. Sun ce a ɗan jira, yanzu za ta dawo."

Ya dubi rumfar. Babu ko wayar lantarki a wurin, balle na'ura. Ya ce, "To."

Na koma bayan wata bishiyar dogonyaro inda waya ke kamawa, na shiga neman dillali. Ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Da ya ɗauka ya ce yana wurin ɗaurin aure, zai kira. Da ya kira ya ce asalin mai motar yana Legas, amma zai neme shi ya turo takarda ta waya. Na jira. Motar Magarya ta cika ta tashi. Wata ta zo ta cika ta tashi. Muka yi azahar a wani ɗan masallacin kara. Duk sanda na waiwaya, Baba yana kan bencin nan, ƙwaryar man shanu a cinyarsa, yana kallon hanyar arewa. Sau ɗaya Bello ya kira shi, na ji yana cewa, "Muna iyaka. Ka ce masa muna iyaka."

Sai da aka yi la'asar dillali ya kashe wayarsa gaba ɗaya. Na dawo na ce wa Baba na'urar ta ƙi, gara mu bar motar. Na mayar da ita ɓangarenmu, na ajiye a wurin wani mai faci, na ɗauko kula da jaka. Muka hau irin motar da na raina, Baba a gaba kusa da direba, ni a baya kan buhu, tsakanin wata tsohuwa mai kaji da wani mai tallar tabarmi.

Muna shiga Magarya hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Kafin mu sauka a tasha ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya ina cewa zan ɗauki shata. Kowa amsarsa ɗaya: akwai wata korama a gaba, in aka yi irin wannan ruwa tana haye hanya, ba mai taɓa ta sai ta janye da safe.

Ina tsaye a jiƙe ina tambayar inda masauki yake, sai wani dattijo mai sayar da igiyoyi a bakin tasha ya ƙura wa Baba ido. Ya ce, "Kai ba ƙanin Gide ba ne?" Ashe tsohon dillalin shanu ne, Alhaji Mamman, ya san su tun suna kawo dabbobi kasuwa. Ya ce in muka kwana a wani wuri ba gidansa ba, bai yafe ba.

A zaurensa aka sauke mu. Aka kawo tuwon gero da miyar kuɓewa busasshiya, da wani kwaɗon zogale da dambu da suke ce wa kwabto, duk a faranti ɗaya. Na ja baya na ce na ƙoshi. Alhaji Mamman ya tambayi Baba ko ni wane ne, da ya ji sai ya yi dariya har da buga cinya. "Mu ma nan muna kunyar suruki, amma ban da a tafiya. Matso, ɗana. Yunwa ba ta san wannan ba." Na matsa na tsakuri loma uku, kaina a ƙasa. Shi ya buɗe kular Hajara, ya ci zabi ya yi santi, ya aika da saura cikin gida.

Bayan abinci ya jawo ɗan murhun gawayi ya dafa shayi. A wurinmu shayi kofi ɗaya ne babba, da madara da burodi, ka sha ka tashi. A can ɗan ƙaramin kofin gilashi ne, sau uku, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka tashi kafin na uku ka yi rashin ladabi. Hausarsu tamu ce sak, sai dai inda muke saka Turanci su Faransanci suke sakawa. Makaranta lakwal ce, ɗan acaɓa kabukabu. Ya tambayi Baba ko an kai Gide likita, na sa baki na ce wane likitan, ashe asibitin ne gaba ɗaya suke kira haka. Suka yi ta hirar shanun da suka mutu shekara arba'in da suka wuce, kowace da sunanta. Baba yana amsawa, amma na lura wayarsa na hannunsa, bai ajiye ta ba ko sau ɗaya.

Da gari ya waye Alhaji Mamman ya raka mu tasha, ya saya mana dogon burodin nan nasu mai tauri kamar sanda. Ruwa ya janye, ya bar yashi da rassan itace a kan kwalta. Hanyar shiru, ba yawan motoci kamar tamu, sai amalanken jakuna da raƙuma jefi-jefi. A kowane shinge sai kowa ya sauka ya nuna kati ya koma, ba hayaniya, ba mai cewa ka san ko ni wane ne. Da hantsi muka hango manyan duwatsun Damagaram.

Bello ya tarye mu a tasha, mutum ne sa'ana, mai sanyin magana. Muka hau kabukabu zuwa unguwarsu a bayan gari. Tun daga ƙofar gida na ga mutane zaune jugum a kan tabarmi.

Hamma Gide yana kwance a ɗaki, an rufa masa zane, dogo siriri, kamarsu ɗaya da Baba har tsagar fuska. Idonsa a buɗe, amma ba ya kallon kowa. Baba ya ajiye ƙwaryar man shanu a gefe, ya durƙusa, ya kama hannunsa. "Hamma. Hamma, ni ne. Na zo." Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Fillanci. Numfashi kawai ke fita.

Ina tsaye a bakin ƙofa Bello ya matso, ya yi maganar da ba da wata manufa ya yi ta ba, labari kawai yake ba ni. Ya ce, "Jiya har bayan la'asar yana magana sarai. Duk wanda ya taɓa ƙyaure sai ya ce, shi ne? Da na ce masa kuna iyaka, ya sa aka tashe shi zaune, aka sa masa hula. Ya ce akwai maganar da zai gaya wa ƙaninsa, ba zai gaya wa kowa ba sai shi. Da aka fara ruwan nan ne bakin ya rufe."

Na fita waje na zauna a gindin katanga. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba.

Hamma Gide ya cika bayan azahar, hannunsa a cikin na Baba. Aka yi masa sutura da la'asar. Muka yi kwana uku ana karɓar gaisuwa. Mutanen gidan suka riƙa hidima da ni kamar wani babban baƙo, su ba ni tabarma mai kyau, su ce ga surukin da ya taso tun daga Najeriya ya kawo Baffa. Kowace godiya sai in ji kamar an ɗora mini dutse. Garin da na ci burin zagawa, ban ga komai nasa ba sai hanyar maƙabarta da masallacin unguwa.

Ranar Laraba muka juyo. Muka sauka a iyaka, jami'in nan ya taso ya yi wa Baba ta'aziyya, ni kuma na kasa haɗa ido da shi. Na karɓi mota a wurin mai faci, taɓon fadama ya bushe a jikinta. Muka wuce Babura, muka wuce Kanya Babba. Na yi ta shirya magana a bakina tana rushewa. Sai da muka bar Kazaure muka kama hanyar Roni na gangara gefen titi na kashe mota.

Na ce, "Baba, ina neman gafara. Babu wata na'ura da ta tsaya. Takarduna ne ba su cika ba, kuma na sani tun kafin mu taso. Hanyar ma ban santa ba. Aikin ofis da na ce, shi ma babu. Ni na hana ka jin maganar Hamma."

Bai juyo ba. Yana kallon wasu mata da ke cirar ciyawa a gonar gyaɗa. Can ya ce, "Na sani, Malam. Jami'in nan ya gaya mini tun kafin azahar, sanda ka tafi bayan bishiya. Har ya ce in ina so zai sa ni a mota in yi gaba, kai ka biyo ni."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "To Baba, me ya sa ba ka tafi ba?"

"Na ga yadda kake ta kai da komo, gumi yana zubo maka, kana neman yadda za ka fita kunyata. Na ce in na tashi na hau motar nan na bar ka a wurin, ba za ka ƙara iya zama a gabana ba har abada. Kuma kai ne uban jikokina. Sai na ce bari in ba shi zuwa la'asar." Ya goge fuskarsa da gefen rawani. "Na ɗauka Hamma zai jira. Kullum shi yake jirana, tun muna yara a bayan shanu."

Na kifa kai a kan sitiyari. Ban taɓa kuka a gaban namiji ba tun da na girma, sai ranar.

Ya bar ni har na yi shiru. Sannan ya ce, "Kwana huɗu da ƙaryar na'ura, wannan naka ne, ka nemi gafarar Allah, ni na yafe. Amma daga azahar zuwa la'asar ɗin nan nawa ne. Da ƙafata da bakina na zauna. Kada ka haɗa ka ɗauka duka, ka bar mini rabona."

Na ce, "Baba..."

Ya ce, "Tayar da mota, Malam. Mutane suna can gida suna jiran su yi mini gaisuwa."